Kwabon Cibiya da Rufin Gidanmu na Sharada

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen biki. Wasu sun ce tukunyar aljanu na tono a bayan ɗakin Inna, wasu sun ce wani Bature ne ya cika mini aljihu don in nuna masa inda kakanninmu suka binne zinariya. Har ke 'yata Amina kin taɓa tambayata, kanki a sunkuye, wai da gaske ne na samu taɓin hankali a shekarar da aka rufe kamfaninmu. To ga amsarku gaba ɗaya, ku karanta ku huta da sauraron masu tsegumi. Ban tono komai ba, hankalina kuma bai taɓa gushewa ba, sai dai in fushi ma hauka ne, wannan kam ina da rabona.

Kusan shekara talatin na yi a wani kamfani a Bompai da ke buga marfin kwalba da cokula. Aikina ba na kunna inji ba ne. Tsayawa nake yi a inda kaya ke fitowa, in tsince masu aibi in jefa a kwando. Abokan aiki suka laƙaba mini Sarkin Aibi, don ko tuwo aka kawo mini sai na ce gefe ɗaya ya fi tudu. A tsayuwar nan na gane cewa kowane aibi yana da mafari. Akwai ƙarfen da ke ɗauke da zanen da ake bugawa, muna ce masa hatimi. In ya tsage, sai ka ga wani siririn layi ya taso a jikin kaya kamar jijiya. In farantin da za a buga ya goce, zane ya tafi gefe ya bar fili. In inji ya sara sau biyu, kowane harafi ya fito da inuwarsa. Abin da ya fi muhimmanci kuwa shi ne, inji in ya danna ƙarfe malala yake sa shi kamar ƙullu, amma abin da aka buga da guduma ko ya faɗi ƙasa rauni yake ji, kuma rauni ba ya ɓuya.

Babban injiniyanmu, Injiniya Dauda, yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a bayan ido. Tsofaffin kuɗi yake tarawa, anini da kwabo da sisi da sule, kowanne a 'yar takardarsa kamar magani. Wata rana ya kira ni ofis, ya miƙo mini wani kwabo da gilashin masu gyaran agogo.

"Habu, faɗa mini abin da ya sami wannan," in ji shi.

Na duba na ce, "Ranka ya daɗe, sau biyu aka buga shi, kuma ya ɗan juya kafin bugu na biyu. Da ni ne a wurin, da bai fita ƙofa ba."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Da kai ne a wurin, da ka yi mini asara. Irin waɗanda suka tsere wa masu aikinka su ake nema a duniya. Lafiyayyu sun yi yawa, kowa yana da su."

Na fita ina cewa a raina masu kuɗi dai ba sa rasa abin ɓata lokaci. Amma maganar ta zauna.

Da kamfani ya rufe, aka sallame mu, na dawo gidanmu na Sharada na zauna. Wanda ya iya walda ya sami abin yi, wanda ya iya tuƙi ya kama Keke Napep. Ni kuwa me na iya? Ganin laifin abu. Babu wanda ke ɗaukar mutum aiki don ya gaya masa kayansa ba su da kyau. A wannan shekarar ce kuma rufin gidan ya ce ya gaji. Kakanku, Allah ya jiƙansa, manomi ne, amma da rani kafinta ne, kuma shi ya rufa gidan da hannunsa. Gara ta cinye katakon, kwano ya yi tsatsa ya zama rariya. Daminar da ta wuce, Inna a zaune take kwana in ana ruwa, da robobi kewaye da ita. Kowa ya san rufin ba zai ɗauki wata daminar ba.

Yaya Sale, wanda a lokacin yake lodin manyan motoci a Dakata, ya zo ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a tabarmar Inna ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani mai gina sito yana son filin. A sayar, a raba, Inna ta koma wurinsa a Dorayi. Kada ku riƙe shi da wannan, ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji kada katako ya faɗo wa tsohuwa a ka.

Inna ba ta kalle shi ba, ƙasa take kallo. Ta ce, "A gidan nan aka kawo ni, gonar gero ce kewaye da mu, babu hayaƙin kamfani ko ɗaya. Daga nan nake so a ɗauke ni."

"Inna, to wa zai rufa? Ni ba ni da shi, Habu kuwa ga shi nan a zaune."

Wannan "a zaune" ta soke ni har ƙashi. Bakina ya riga hankalina, na ce a ba ni zuwa faɗuwar ruwan farko. In ban rufa gidan ba, ni da kaina zan ɗauki kayan Inna in kai Dorayi, in sa hannu a takardar ciniki. Yaya Sale ya ce ya yarda. Da ya tafi na zauna ina tambayar kaina da me zan rufa, da hulata?

Kwana biyu bayan haka na shiga tsohon ɗakin kayan aikin Baba, ina neman abin da zan sayar wa 'yan gwangwan. A bayan wani zarto na ci karo da babban gwangwanin madara, na ɗaga na ji nauyi. Cike yake da tsofaffin kwabbai da aninai, irin masu huji a tsakiya da tauraro a jiki. Na kai wa Inna na tambaye ta.

"Au, tarkacen babanku ne," in ji ta. "Ai da aka canja kuɗi aka daina karɓarsu, mudu-mudu yake sayensu wurin 'yan kasuwa. In zai kafa ƙusa a kwano sai ya zura ta a hujin kwabo, ta danne kwanon, ruwa ba ya bi. Rabin gidajen ma'aikatan unguwar nan da su ya rufa. Waɗannan kuwa su ne suka ƙi aiki. Wani hujinsa a karkace, wani ya tanƙware. Sai ya yi tsaki ya jefa a nan, ya ce malalata ne."

Ashe shekara da shekaru Baba yana yin aikina ne bai sani ba. Buhu-buhu sun bi ta hannunsa, yana kafa lafiyayyu a rufin mutane, yana ware masu aibi a gwangwani ɗaya.

Na sayi gilashin masu gyaran agogo a bakin kasuwa, na shimfiɗa farin ƙyalle a zaure inda hasken hantsi ke shigowa, na fara dubawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne labarin haukata ya samo asali. Mutane na wucewa za su tafi aiki, su ga ƙato da furfura ya ƙura wa kwabo ido yana magana shi kaɗai. Wani maƙwabcinmu ba'are, mutumin kirki daga Nijar, har ruwan rubutu ya aiko mini da shi. Na sha, don ƙishirwa nake ji.

Yawancin abin da ke cikin gwangwanin shara ce, kada ku yi zaton kowane tsohon kwabo dukiya ne. Wanda guduma ta lanƙwasa, wanda ya sha hannu har zanensa ya shafe, wanda wani ya faɗaɗa hujinsa da ƙusa, duk na ture gefe, don wannan ɓarnar mutane ce bayan kuɗi ya fita. Abin da nake nema shi ne kuskuren da aka yi tun a gidan buga kuɗin. Bayan mako biyu na ware 'yan kaɗan da ba su cika tafin hannu ba. Akwai waɗanda hujinsu ya goce ya ci rubutu, bakin hujin kuma sumul, yankan inji. Akwai biyu masu inuwa a haruffa. Akwai wani anini da jijiyar tsagewar hatimi ta ratsa tauraronsa. Dukkansu sun yi wannan duhun na tsufa, launin ƙasa-ƙasa mai laushi a ido, wanda Injiniya ya taɓa ce mini shi ne fatar kwabo, kuma shekaru ne kaɗai ke yin ta. Na zuba su a wani ɗan kofi na bar shi a ɗaki, na tafi Bompai neman gidan Injiniya, don shi ma ya yi ritaya. Na same shi, ya ce in zo da su ranar Asabar, yana da baƙo daga Legas mai saya wa masu tarawa na ƙasashen waje.

Na dawo gida da la'asar baki har kunne. Ummanku ta tare ni a tsakar gida, ita ma tana murmushi, hannunta a baya. Kun san ta da tukwane, ba ta iya ganin ƙarfe ya yi duhu ta ƙyale shi.

"Malam, rufe idonka," in ji ta. "Na ji ka ce masu kuɗi za ka kai wa. Ai ba a kai wa manya abu da datti."

Da na buɗe ido, ta miƙo mini kofin. Ta sa toka da lemun tsami da soson ƙarfe ta dirje su tas, suna walƙiya kamar sabuwar tukunya. Fatar da ta yi shekaru tana taruwa ta tafi a wuni ɗaya, ga zane-zanen soso ko'ina a jikinsu.

Abin da na faɗa mata a ranar ba zan rubuta shi ba. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, na ce ta rushe gidan da hannunta. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta shiga ɗaki, na ji tana kuka. Matar da tun da aka rufe kamfani take soya awara tana ciyar da mu, ba ta taɓa ce mini "a zaune" ba, ita na yi wa haka don ta so ta taimake ni da abin da ta iya. Ban taɓa gaya mata kada a wanke ba, to ina za ta sani? Na ba ta haƙuri daga baya, ta ce ya wuce, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Washegari da safe Inna ta aiko a kira ni. Na same ta ta buɗe tsohuwar adakarta, tana warware wani ƙullin tsumma.

"Na ji haukan da ka yi jiya," in ji ta. "Duk a kan masu karkataccen huji? To wanda ba shi da hujin gaba ɗaya fa, shi ma malalaci ne ko yana da amfani?"

Ta ɗora mini shi a tafin hannu. Na san kwabon nan, ku ma kun san shi, sai dai ba za ku tuna ba. Shi ne kwabon cibiya. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan cibiyarsa ta turo, Inna takan naɗe kwabon a tsumma ta ɗaura masa a ciki har ta koma. Likitoci sun ce ba ya ƙara komai, da kanta take komawa, amma je ka gaya wa Inna. Baba ne ya ba ta shi, don ƙusa ba ta da inda za ta bi. Sau nawa na gan shi a naɗe, ban taɓa tunanin in buɗe ba. Kwabo ne irin masu huji, zanen ya bar da'ira a tsakiya inda hujin zai zauna, amma injin huda bai taɓa shi ba. Da yake a tsumma ya yi rayuwarsa, ko harafi ɗaya bai goge ba, fatarsa kuma lafiya lau.

Na ce, "Inna, in na kai wannan ba zai dawo ba."

Ta ƙura masa ido. "Jikokina goma sha ɗaya ya gyara," in ji ta. "Shi kaɗai ne abin da babanku ya ba ni da hannunsa da ya rage. Kai shi. Amma in za su raina shi, ka dawo mini da abina."

Ranar Asabar na sa rigata ta Juma'a na tafi Bompai. Baƙon Injiniya wani dogo ne mai tabarau, ba ya jin Hausa sosai, Injiniya ke yi mana tafinta. Ya fara da waɗanda aka wanke. Ya ɗaga ɗaya, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce kuskuren na gaske ne amma an kashe su da wanki, biyu kawai zai ɗauka, su ma a araha. Sai na warware tsumman Inna. Mutumin ya gyara zama. Ya duba ya sake dubawa, sannan ya ture mini shi.

Injiniya ya ce, "Wai ya ce irin wannan ya sha gani. Ana samun mai huji a cike shi da dalma, a shafe, a sa masa launi. Ya ce yana da na gaske a jakarsa, wanda ya saya da tsada, bari ya nuna maka bambanci."

Ya fito da nasa daga wani ɗan akwati mai auduga, ya ajiye kusa da na Inna. Na sa gilashi. Ban yi minti ɗaya ba na ga abin da na gani. A tsakiyar nasa akwai wata da'ira siririya kamar gashi, kuma ƙananan layukan da ƙarfe ke yi in ya malala a ƙarƙashin inji sun zo bakin da'irar sun tsaya cak. Nasa ne na jabu. Na yi ta shawara da zuciyata. In na faɗa, mutumin nan zai iya jin haushi ya tattara jakarsa, rufin Inna ya tafi da shi. In na yi shiru, zai ci gaba da auna na gaske da na ƙarya, ya ce nawa ne bai yi ba. Shekara talatin ban bar mai aibi ya wuce ta gabana ba, ban ga dalilin da zan fara a ranar ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku gaya masa ya yi haƙuri, an cuce shi. Nasa ne aka cike."

Injiniya ya zaro ido. "Habu, ka tabbata? Mutumin nan sana'arsa ke nan."

"Ni ma tawa ke nan. Ku ba ni fensir."

Na ɗora na Inna a kan ɗan yatsana, na ɗan taɓa gefensa da fensir. Ya yi wata ƙara siririya mai tsawo, har ta gama ɗakin. Na ɗora nasa na taɓa, ya ce ƙwas, ya yi shiru. Sannan na ba shi gilashin, na karkata kwabon Inna wajen taga, na nuna masa yadda layukan suka taso daga tsakiya suka tafi gefe babu inda suka yanke. Na karkata nasa, na sa bakin fensir a kan da'irar. Ya daɗe a sunkuye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Can ya ɗago ya yi wata doguwar magana da Turanci, Injiniya ya fashe da dariya.

"Wai a ina ka yi karatun wannan?"

Na ce, "Ku gaya masa a ƙarshen layin marfin kwalba."

Mutumin ya miƙe tsaye ya ba ni hannu biyu. Bai yi tayin raini ba, ya faɗi abin da zai biya, na dubi Injiniya don in tabbata ba kunnena ne ya yi ƙari ba. Bai tsaya nan ba, ya zazzage jakarsa a tebur ya ce in duba masa sauran, kuma zai biya ladan dubawa. Na samo masa wasu biyu da aka yi wa aikin hannu. Daga ranar ne aka fara aiko mini da tsofaffin kuɗi daga wurare in duba, aikin da na ci da ku da shi har kuka gama makaranta. Sarkin Aibi dai, sunan da aka sa mini don tsokana, shi ne yanzu ake nema a waya.

Daga Bompai ban biya gida ba, sai wurin masu katako da kwano. Da motar kaya ta tsaya a ƙofar gidanmu, unguwa ta fito kallo. Aka kira Yaya Sale a waya ya zo a guje. Ya zagaya kayan, ya taɓa kwanon, ya dube ni.

"Duk wannan daga kwabo ɗaya?"

"Daga kwabon da aka ɗaura wa 'ya'yanka," na ce masa.

Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗauko gudumar Baba, ya riga kafintocin hawa sama. Da muka ɓamɓare tsohon rufin na hana a zubar da kwabban da Baba ya kafa, muka tsince su muka sake zura su a sababbin ƙusoshi. Ragowar waɗanda Ummanku ta wanke kuwa, ni da kaina na kafa su a saman ɗakinta, a layi ɗaya. Ta fito ta ɗaga kai ta ga suna ƙyalli a rana, ta ce, "Ka gani ko, ai nawa sun fi kyau." Na ce ƙwarai kuwa.

Kwana shida da gama aiki hadari ya haɗo da azahar. Duk muka taru a ɗakin Inna, har da Yaya Sale da iyalinsa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwano yana ta ƙara, mu kuwa kowa ya ɗaga kai yana neman inda zai ɗiga. Ko ɗigo. Inna ta sa aka kwashe robobin nan aka fitar, ta miƙe ƙafa a gadonta, ta ja mayafi, ta yi barcinta muna zaune. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, ko ranar da aka ɗauke ni aiki.

Shekara tara ta ƙara a ƙarƙashin rufin nan, kuma daga ɗakinta aka ɗauke ta kamar yadda ta roƙa. Sau ɗaya kawai ta yi mini zancen kwabon. Bayan an haifi autarku Safiya, cibiyarta ta turo, na ga Inna ta buɗe adaka ta ɗauko tsumman nan, ta tsaya da shi a hannu babu komai a ciki. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ninke shi ta mayar.

"Bar ta haka," in ji ta. "Ita ce za ta riƙa tuna mana."

To Safiya, kin sha tambaya me ya sa taki cibiyar ta fi ta kowa tudu a gidan nan. Ki ɗaga kai ki dubi rufi.